Kawu Duba-Gari, Wanda Ba A Ce Masa "Da Sauƙi"

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, yayan Inna, wanda duk ƙauyukan da ke tsakanin Bici da Watari suka sani da Duba-gari, ko da yake ya fi shekara talatin da ajiye aikin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi, maza a ƙofar gida, mu mata a ciki.

Na zauna makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda masu ta'aziyya suke rage murya irin wannan ba, sai ka ce mamacin na ɗaki yana sauraro. Tsohon mahaucin kasuwarmu, da aka riƙo hannunsa ya shigo gaida matan gida, yana gama shafa fatiha ya ce, "Allah ya jiƙansa. Sau biyu yana zuba wa namana kananzir, wai ya ga ɗigo-ɗigo a huhun saniyar. Na yafe masa, amma mantawa kam ban manta ba." Wata tsohuwa ta ce shi ya sa aka ƙone tabarmar uwarta da matashinta, gawar ko sanyi ba ta yi ba. Wani dattijo kuma da ya taso tun daga Gezawa, kuka ya hana shi gaisuwar kirki. Da ƙyar ya iya cewa, "Ni ya rubuta ni a littafinsa na masu tari. Ranar na zage shi tas a gaban mutane. Yau ga ni da jikoki."

Ana cikin haka wata mata ta ƙware da ruwa ta hau tari. Wallahi duk tsakar gidan sai da aka juya. Matar Kawu ta ɗago daga kan carbinta ta ce, "Yi tarinki ki huta, 'yar nan, mai tambayar ya tafi." Aka yi dariya kaɗan.

Ni ban yi dariya ba. Ina can gefen rumbu, na cusa bakin hijabi a bakina ina danne nawa tarin. Sati biyar ke nan ina yin sa a ɓoye. Zoben hannuna ya fara zamewa, in na tashi da safe rigata a jiƙe take da gumi. Kuma jikata, 'yar babbar 'yata, wadda aka kawo min yaye wata biyu da suka wuce, a gadona take kwana, fuskarta dab da tawa. Shekara biyu ba ta cika ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma da wannan tsoron nake rubuta abin da na sani game da Kawu, don kada a tuna shi da kananzir da tabarma kawai.

Tun zamanin En'e ya fara aikin. Da wayona na gan shi cikin kaki mai guga, a kan baƙin keke mai ƙararrawa. Manya suna tsokanarsa a bayan ido, suna cewa mai kaki biyu: ɗaya a jikinsa, ɗaya kuma wanda yake bi gida-gida yana nema a ƙirjin mutane. In aka ji ƙararrawar nan daga bakin gonaki, mata sai su bazama. Wannan ta kife randa, waccan ta ja tsintsiya, wata ta rufe masai da murfin tukunya. Amma randa da kwata ba su ne abin tsoron ba. Littafin da ke aljihunsa na ƙirji shi ne abin tsoro.

Ga yadda tsarin yake kamar yadda na taso na gani. In aka ji tari ya daɗe a wani gida, mai unguwa zai gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa duba-gari. Shi kuma ya zo ya rubuta sunan mai tarin da sunan duk wanda suke kwana ɗaki ɗaya, ya ba da takarda a kai asibiti a gwada kaki. In aka ce tarin fuka ne, to an shiga: allura kullum har wajen wata biyu, ƙwayoyi fiye da shekara. A gida kuma a huda wa ɗakin taga, a riƙa fitar da shimfiɗa rana, a ajiye gwangwani da yashi don tofa kaki, a binne shi ko a ƙone. Sannan a ware wa mutum kwanonsa da moɗarsa. Daga baya masana suka ce ba ta kwano ake ɗauka ba, ta numfashi ne, amma a lokacin ware kwanon nan ya fi allurar ciwo. Gidan da aka rubuta, 'yan matansa sai su ga samari sun ɗauke ƙafa.

To wane mai unguwa ne zai kai sunan ɗan ƙanwarsa ko surukinsa? Duk garin dangi ne. Kawu ya san da haka, shi ya sa bai dogara da kowa ba sai kunnensa. Yakan jingine keke a masallacin ƙauyen da ya je, ya bi sallah a sahun baya, a idar ya zauna yana lazimi yana jin tarin jama'a. Ya ce ya san na mura, ya san na taba, ya san na ƙaiƙayin sussuka. Akwai kuma wanda yake cewa daga ƙasan rijiya yake fitowa. In ya ji wannan, sai ya bi mutum har ƙofar gida.

Abin da ya sa aka fi jin haushinsa shi ne gaisuwa. Kowa ya san yadda ake duba mara lafiya a wajenmu. Ka ce "ya jiki", ya ce "da sauƙi". Ko numfashi ɗaya ya rage masa, da sauƙi zai ce, don faɗin wani abu daban kamar rashin godiyar Allah ne. Kawu shi kaɗai ne mutumin da na sani da ba ya karɓar wannan amsa. Ba ma ya yin tambayar. Yana zama zai ce, "Sati nawa?" In mutum ya ce, "Ai da sauƙi, Malam," sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Sauƙin nan, sati nawa ke nan yana tari?" Yakan ce kalmar nan ta kai mutane kabari fiye da ciwon kansa. Malamai sun sha yi masa magana a kan haka. Ya ce da su godiyar Allah dabam, lissafin kwanaki dabam, kuma shi na biyun aka ɗauke shi aiki ya yi.

Ina da shekara tara abin ya faɗo gidanmu. Inna ta fara tari tun ana yankan gero, har aka kai dawa rumbu bai tsaya ba. Tana goyon ƙanwata a lokacin, jaririya mai kumatu, wadda nake ɗauka in Inna za ta yi daka. Baba ya ce sanyin jego ne bai sake ta ba. Gwaggo, yayar Baba, ta ce duk wanda ya fitar da maganar nan waje ba ɗan gidan ba ne, don tana da 'yan mata biyu da aka sa wa rana. Aka yi ta jiƙe-jiƙe da turare. In an ji ƙararrawar keke, sai a tura Inna bayan gida cikin karan dawa, a ce da Kawu ta tafi barka. Ni ake aika in faɗa masa. Sau uku na faɗa, yana kallona yana gyaɗa kai.

Wata safiya ya zo a ƙasa. Ya bar keken a wani ƙauye ya tako, babu ƙararrawa babu sallama mai ƙarfi. Ya tsaya a zaure har sai da ya ji abin da ya zo ji, sannan ya shigo. Inna na bakin murhu, ta ɗago ta gan shi, muciya ta faɗi daga hannunta.

"Yaya, sannu da zuwa. Ai da sauƙi."

"Ban tambaye ki ba tukuna. Sati nawa?"

Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na fashe da kuka na ce tun yankan gero. Ya ƙirga da yatsu. Ya ce a kwanto masa jaririyar. Ya ɗora ta a tafin hannunsa kamar mai auna gari, sannan ya zaro littafin.

Baba ya shigo daga gona ya tarar yana rubutu. Baba mutum ne mai ganin girman Kawu, ko zama a tabarma ɗaya ba ya yi da shi, amma ranar ya manta da surukuta.

"Yaya, ƙanwarka ce fa. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ma sai ka rubuta?"

"Ita zan fara rubutawa."

"Za ka tona mana asiri a garin nan!"

"Wata huɗu kuna rufe shi. Dubi yarinyar nan ka ga abin da rufin ya yi."

Gwaggo ta fito tana tafa hannu tana cewa Allah ya isa. Kawu bai ko kalle ta ba. Ya ɗauki gatarin Baba ya shiga ɗakin Inna, ya huda bangon gabas da hannunsa. Ina tuna yadda haske ya faɗo kan gadon, da ƙurar jar ƙasa, da yadda na ji kamar gidanmu ne gaba ɗaya aka yi wa tsirara.

Washegari aka tafi da Inna da jaririyar asibitin birni. Mu da aka rubuta aka duba mu ɗaya bayan ɗaya, aka ce ba mu ɗauka ba. Inna ta dawo bayan an gama allurai. Ƙanwata ba ta dawo ba. Kwana tara ta yi a can ta rasu. Likita ya ce da Kawu ciwon ya riga ya hau kanta, da an kawo ta da wuri da wataƙila. Baba kuwa ya ce Kawu ne ya kai masa 'ya inda aka kashe ta. Shekara bakwai ba su gaisa ba. In suka haɗu a jana'iza, wannan ya tsaya gabas wancan yamma.

Da Inna ta dawo, Gwaggo ta ce Inna ba za ta shiga madafa ba. Kawu ya zo ya ɗauke ta ya kai ta gidansa, ni ma aka haɗa da ni. A can na ga wani Kawun da mutanen gari ba su sani ba. Kullum bayan ya dawo daga masallaci zai shimfiɗa buzu a gindin darbejiya, ya kira ta, ya zuba mata ƙwayoyin a hannu. Ta haɗiye. Ya ce, "Buɗe baki. Ɗaga harshe." Matar aure mai 'ya'ya, yana duba bakinta kamar yarinya. Sannan a kawo koko, ita da kwanonta shi da nasa, amma a wuri ɗaya, a sarari inda iska ke kaɗawa, yana ba ta labarin ƙuruciyarsu har sai ta yi dariya. Duk tsawon jinyar nan bai bar ta ta karya kumallo ita kaɗai ba ko sau ɗaya.

Bayan wata uku ta yi ƙiba, tarin ya tsaya. Ta ce, "Yaya, yanzu kam da gaske na samu sauƙi. Ƙwayoyin nan tayar min da zuciya suke." Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wannan sauƙin na fi tsoro. Shi ke sa mutum ya ajiye magani, ciwon ya dawo ya ƙi jin komai. Buɗe hannu." Haka ta sha har ranar da asibiti suka ce ta gama. Yau Inna ta haura tamanin, da ƙafarta ta zo makokinsa.

Shi da Baba sun shirya a ƙarshe, ba tare da wani ya ba wani haƙuri ba. Da Baba ya kwanta ciwon ajali, Kawu ya zo ya zauna a bakin gado. Sai na ji ya ce, "Ya jiki?" Ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba sai ranar. Baba ya dube shi ya ce, "Babu sauƙi, Yaya." Kawu ya ce, "To yau ka gaya min gaskiya." Suka yi dariya su biyu, hawaye na bin gemunsu.

Da ya ajiye aiki ya koma noman rani a Watari, tumatur da albasa. Zamani ya canza, maganin ya koma na wata shida, babu allurar nan ta kullum, babu mai ƙone tabarma. Ya yi murna da haka, amma yakan ce an sauƙaƙa magani ba a sauƙaƙa bakin mutane ba. Ko da ido ya tafi, kunnen bai tafi ba. Jikoki in za su yi tari sai sun fita ƙofar gida.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi damuna. Da ya kwanta wannan kwanciyar, sau ɗaya na je duba shi. Ni da ya riƙe kamar 'yarsa, ni da ya sa a makaranta har na zama malama, na yi shekaru ina koya wa 'yan firamare su rufe baki in za su yi tari. Gudunsa nake yi. Ranar da na je, na sha zuma da citta, na tsaya daga bakin ƙofa na gaishe shi a gurguje na ce ina sauri. Har na kai zaure abin ya ƙwace min. Sau biyu kawai, cikin hijabi.

"Wa ya yi wannan tarin?"

Muryar ta shaƙe amma ita ce. Na dawo na durƙusa.

"Ni ce, Kawu. Ƙura ce ta hanya."

"Da damina? Sati nawa?"

Na ce, "Kwana uku."

Idon da ba ya gani yana kaina. Can ya ce, "Da kina 'yar shekara tara kin fi haka gaskiya. An ce akwai 'yar yaye a ɗakinki." Na ce e. Ya buɗe baki zai ƙara magana, numfashi ya sarƙe shi, matarsa ta shigo da ruwa, ni kuma na sulale. Kwana takwas bayan nan ya rasu. Maganata ta ƙarshe da shi ƙarya ce.

Me nake tsoro? Ba mutuwa ba ce kawai. Ina tsoron a ce a gidan surukan 'yata, sun ba ni amanar yarinya na shafa mata ciwo. Ina tsoron a zo a ɗauke ta a gabana a ƙi ba ni ko hannunta. Ina tsoron matan unguwa su daina aiko yara karɓar wuta. Duk tsoron da Gwaggo ta ji, wadda na yi shekara hamsin ina ganin baƙinta, ashe yana nan a cikina yana jira. Kullum sai in ce bari a ga gobe.

Ranar sadakar uku, an watse da la'asar, ina naɗe tabarmi. Inna na zaune a bakin ƙofar ɗakin Kawu. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa tambayata lafiya a gaban mutane ba. In za ta yi min magana, sai ta dubi bango ta ce a gaya wa waccan. Ranar sai na ji sunana a bakinta, cikakke, yadda aka raɗa min shi. Tabarmar ta suɓuce min.

Ta ce, "Zo nan. Kwana uku ina jin ki ta bayan rumbu. Na san tarin nan, a ƙirjina ya zauna."

Na ce, "Inna, ai da..."

"Kada ki ƙarasa. Ni wata huɗu na yi ina faɗar kalmar nan. Kin san abin da na biya." Ta kama hannuna, ta juya zoben da ke yawo a yatsana. "Yaya ya tafi, babu mai zuwa a ƙasa ya kama ki. In ba ki kai kanki ba, babu mai kai ki. Yarinyar nan daga yau a wajena za ta kwana."

Da safe na hau mota zuwa Bici. A asibiti aka ba ni 'yar roba mai murfi, aka nuna min bayan gini inda babu mutane, na yi kaki na kawo. Da na koma karɓar sakamako, ma'aikaciyar, yarinya ce sa'ar 'yata, ta sa takunkumi ta ba ni nawa, ta ce, "Mama, an gani, tarin fuka ne. Amma ki kwantar da hankalinki, ana warkewa sarai, in dai ba ki tsallake magani ba." Ta jawo fom ta cire murfin biro. "Su wa kuke kwana ɗaki ɗaya?"

Maigidana ya rasu, 'ya'ya sun yi aure. Da na ce ni kaɗai ce, da ta rubuta ta wuce, babu mai ƙaryata ni. Na daɗe ina kallon biron nan. Sannan na faɗi sunan jikata, da sunan ubanta, da unguwarsu, na ba da lambar wayar uwarta.

Ta ɗago. "Shekararta nawa?"

"Ba ta cika biyu ba."

"Tana cin abinci? Jikinta na zafi?"

Na ce kwana shida ke nan tana ture kwano, kuma in yamma ta yi jikinta kan yi ɗumi, na ɗauka rigimar yaye ce. Ma'aikaciyar ta ajiye biron ta ce, "Kada a jira. A kawo ta ranar Litinin da sassafe."

A bakin titi na kira 'yata na gaya mata komai, ban rage ba. Sannan ta ce, "Umma, tun yaushe?" Na ce sati shida. Ban ji abin da ta ce bayan nan ba, kuka ne.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa iska da haske su shiga masa kamar yadda ya shigar da su ɗakunan bayinka suna zaginsa. Ka yafe masa zafin bakinsa, ni kuma ka yafe min ƙaryar da na yi masa. Wanda duk ya karanta wannan ya yi masa fatiha, ina roƙonsa ya ƙara da addu'a ɗaya saboda wata 'yar yaye. Yau Lahadi. Tana can tsakar gida a cinyar Inna, tana miƙo hannu wajen ƙofata tana kiran Kaka, ni kuma na kasa fita in ɗauke ta. Gobe za a ɗauki hoton ƙirjinta.